Wane mai zan shafa wa wuƙar layya kafin in ajiye ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da wuƙaƙen layya biyu, ta yanka da ta fiɗa, ƙirar maƙeri, na gaje su daga mahaifina. Bara bayan Sallah na wanke su, na shafa musu man gyaɗa, na mayar cikin kube. Da na zaro su bana sai na tarar man ya bushe yana danƙo kamar ƙaro, ga wari, ga ɗigon tsatsa a bakin kaifin. Maƙwabcina bakanike ya ce in riƙa shafa baƙin mai. Me ya fi dacewa?
Magidanci daga Unguwar Sanusi, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba da rahama. Malam, ka ba maƙwabcinka haƙuri. Baƙin mai yana hana tsatsa, wannan gaskiya ne, amma man da ya gama zagaya inji ya kwaso burbushin ƙarfe da dattin ƙuna masu illa ga jiki. Ya je can wurin fartanya da shebur, ban yarda ya taɓa wuƙar da za ta ratsa naman da iyali za su ci ba.

Man gyaɗa kuwa halinsa ya nuna maka. Man da aka tatsa daga tsiro, na gyaɗa ne ko manja ko man zaitun, idan ya daɗe yana shan iska lalacewa yake yi, ya yi wari, ya kama danƙo. Da ya fara lalacewa yakan sako tsami, tsami kuma abokin tsatsa ne. Shi ya sa mahautan Zango a Tudun Wada ba su da irin wannan matsala ko da kitse suka goga: kullum wuƙarsu tana aiki, ana wanke ta ana wasa ta. Taka kuwa wata goma sha ɗaya take kwance. Ka duba kuma lokacin da Babbar Sallah take faɗowa a shekarun nan, 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025. Kana ajiye wuƙa damina tana kankama, ta kwana cikin laimar Yuli da Agusta har zuwa Oktoba. Wuƙar maƙeri, wadda galibi daga tsohon sifirin mota ake ƙera ta, baƙin ƙarfe ce zalla. Kaifinta ya fi daɗin wasawa, amma ba ta jure laima ko kaɗan.

Abin da ni nake amfani da shi, kuma nake ba kowa shawara, shi ne farin man nan na kemis da ake kira likwid farafin, wanda ake sha don taurin bayan gida. Daga ɗanyen man fetur ake tace shi har ya zama ba launi ba ƙamshi, ba ya wari komai daɗewa, kuma tunda ana shan sa, ɗan abin da ya rage a jikin wuƙa ba zai cutar ba. Ka tabbatar na kemis ne mai takarda a jikin kwalba, kada wani ya miƙo maka kananzir, don shi ma wasu farafin suke ce masa. Idan bai samu ba, farin basilin marar turare ya wadatar, har ma ya fi zama a jikin ƙarfe don ajiya mai tsawo. Man jarirai shi ma dangin farafin ne, sai dai an zuba masa turare, ka bar wa masu jego kayansu. A Japan masu wuƙaƙe da kayan sassaƙa man kameliya suke shafawa, yana da kyau ƙwarai, amma ban ga dalilin yin oda daga waje ba alhali kemis na bakin layi.

Sai dai mai ba ya gyara wuƙar da ba ta bushe ba, rufe laimar kawai yake yi a ƙarƙashinsa. Jini yana da gishiri, kuma inda yake maƙalewa shi ne daidai inda ƙarfe ya shiga ƙota. Ka bi wurin da tsohon buroshin haƙori da ruwan zafi da sabulu, ka goge, ka shanya a rana har ƙarfen ya yi ɗumi. Sannan ka ɗiga mai biyu ko uku a tsumma mai tsabta ka shafe ko'ina, ya yi ƙyalli kawai, kada ya riƙa zuba. Bayan nan kada yatsa ya sake taɓa ƙarfen, gumin hannu ma tabo yake bari.

Kuben kuma ina zarginsa fiye da man gyaɗan. Fata tana shan laima ta riƙe, ga bagaruwar da aka jeme ta da ita tana cin baƙin ƙarfe ta baƙanta shi. Kube na tafiya ne. Don ajiya, ka naɗe wuƙar a takarda mai maiƙo, ka sa ta a saman kabad nesa da bango da ƙasa, kuben a gefe. 'Yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi, ka jefa biyu a wurin. Tsakiyar Agusta ka ciro ka duba, ka ƙara mai.

Tsatsar da ta riga ta kama, toka da ɗan ruwa da soson ƙarfe za su fitar da ita. Idan ta ci rami a bakin kaifi, ka kai kasuwar Panteka a wasa maka.

TAMBAYA: Wuƙaƙen kicin ɗina farare ne na kanti. Su ma sai na shafa musu mai? Maigida yana da WD-40, man feshin nan na gwangwani mai maganin tsatsa.
Uwargida daga Malali

AMSA: A'a Hajiya. Farar wuƙa tana ɗauke da sinadarin kuromiyam fiye da kashi 10 cikin ɗari, shi yake kare ta. Kada dai ki bar ta cikin ruwan wanke-wanke ko da ragowar gishiri da lemon tsami a jikinta, nan ne take yin tabo. WD-40 kuma ba na abinci ba ne, ki bar wa maigida ya fesa wa kwaɗo da sarƙar keke.