Gasasshiyar Kaza da Dare ga Mai Ciwon Sukari

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Uwargida. Ni matar aure ce a Birnin Kebbi. Kwanakin baya likita ya tabbatar wa maigidana yana da ciwon sukari, ya kuma umarce shi da ya rage tuwo da shinkafa da burodi, musamman da dare. Yana son kaza ƙwarai, kuma ina da obin na gas, sai dai duk lokacin da na gasa ta sai ta bushe. Ina roƙon ki koya mini yadda zan gasa ta, da abin da zan haɗa masa da ita wanda ba shi da sitaci da yawa. Allah ya ƙara basira.
Daga wata mai karatu, Birnin Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya.

Raba mutumin Kebbi da shinkafa ba ƙaramin aiki ba ne, tun da daga fadamun Argungu har zuwa Suru da Yauri ita ake nomawa, ita ake ci safe da yamma. Amma kofi ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa yana ɗauke da sitaci kimanin giram 45, kuma da wuya a sami magidancin da kofi ɗaya zai ishe shi. Naman kaza kuwa babu sitaci a cikinsa ko kaɗan. Inda ake samun ɓaraka shi ne a abin da ake shafa wa kazar da abin da ake kewaye ta da shi.

Bushewar da kike kuka da ita, ina kyautata zaton daga ɗayan abu biyu take. Ko dai tsokar ƙirji kike gasawa, wadda kitsenta kaɗan ne, ko kuma kazar Hausa kike jefawa a obin ɗanya. Kazar Hausa ta fi daɗi, babu musu, amma yawon kiwo ya sa namanta tauri, saboda haka ki fara tafasa ta da albasa da citta na kimanin rabin awa, ki ajiye romon, sannan ki gasa ta na minti 20 kawai. Kazar gidan gona ba ta buƙatar tafashe. Ki zaɓi cinyoyi da ƙashinsu da fatarsu, domin fatar ce ke tsare ruwan naman, kuma maigida yana iya cire ta a kan faranti idan likita ya hana shi maiƙo.

Ga cinyoyi shida, ki daka tafarnuwa da ɗanyar citta da attaruhu ɗaya da masoro da kanumfari kaɗan, ki kwaɓa su da cokali huɗu na kindirmo, da ruwan lemun tsami rabi, da cokali ɗaya na man gyaɗa. Ki tsattsaga naman da wuƙa har kusa da ƙashi, ki shafe shi ciki da waje, ki rufe ki saka a firij na aƙalla awa biyu. Idan babu wutar lantarki, kada ki bar ɗanyar kaza tana zaune a zafin Kebbi, rabin awa ya isa ki ɗora ta. Tsamin kindirmon ne ke tausasa naman, amma ki tabbata kindirmo ne zalla, domin yawancin yogot ɗin roba da ake sayarwa a shaguna an zuba musu sukari. Haka kuma ki nisanci zuma da fulawa da garin burodi, da jar miyar kwalba mai zaƙi da ake ci da soyayyen dankali. Dunƙule yana da gishiri, don haka ɗaya ya wadatar, saboda ciwon sukari yakan zo tare da hawan jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi ke ci a yini ya kai giram 5.

Ki kunna obin minti 15 kafin ki saka naman, ki sa shi a digiri 200 na ma'aunin Salshiyas. Ki jera cinyoyin a tire, fata tana kallon sama, da ɗan tazara a tsakaninsu, domin idan suka cunkushe turara za su yi maimakon su gasu. Ki ɗora tiren a matakin tsakiya, tun da obin na gas daga ƙasa yake ba da wuta. Minti 40 zuwa 45 sukan isa. Mai ma'aunin zafin nama ta nemi digiri 74 a tsakiyar tsoka, wadda ba ta da shi kuma ta soka wuƙa a gefen ƙashi ta duba ruwan da ya fito, idan babu alamar jini to ta nuna. Yajin tsire yana da kyau, amma ƙuli-ƙulin da ke cikinsa yana saurin ƙonewa ya yi ɗaci, don haka sai saura minti 10 a sauke za ki barbaɗa shi. Bayan kin fitar da kazar ki bar ta ta huta minti biyar kafin a yanka.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne abin haɗawa, domin idan kika ajiye wa mutumin da ya saba da malmala biyu cinya ɗaya tilo, kafin ƙarfe goma na dare za ki same shi a teburin mai shayi da burodi a hannu. Ki yanka kabeji manya-manya, ki haɗa da tattasai da kuɓewa da albasa, ki shafe su da ɗan mai, ki zuba a gefen kazar bayan ta yi minti 20 a wuta, su gasu cikin ruwanta. Albasar Aliero tana yin zaƙi idan ta gasu, kuma tana da kusan giram 9 na sitaci da sukari a kowane giram 100, saboda haka matsakaiciya ɗaya ta isa. Dankalin Turawa da na Hausa da doya da agada ba su da gurbi a wannan tire. Ki ƙara masa da kwaɗon zogale ko na rama cikin kwano, ba tare da sukarin da wasu ke barbaɗawa ba, da romo mai zafi, da zoɓo marar sukari. Fura kuwa gero ce, hukuncinta ɗaya da tuwo.

Idan maigida yana yin allurar insulin ko yana shan ƙwayoyin rage sukari irin su glibenclamide, kada ki yanke masa sitaci gaba ɗaya sai da sanin likitansa, domin sukarin jininsa yana iya faɗuwa cikin dare. Alamun faɗuwar sukarin su ne rawar jiki da gumi da jiri da bugun zuciya, kuma idan sun bayyana a ba shi abin zaƙi nan take, sannan a nemi asibiti idan bai dawo daidai ba. Ya riƙa auna sukarinsa awa biyu bayan cin abincin da kuma da asuba, ki rubuta sakamakon da abin da ya ci a ɗan littafi, ku tafi da shi ranar ganin likita.