Shin tsofaffin kekunan BMX sun fi na yanzu ƙwari?

Malam, ka tambaya ko tsofaffin kekunan BMX sun fi na yanzu ƙwari, ko kuwa kewar ƙuruciya ce kawai. A ganina akwai gaskiya a maganar, amma ba dukansu ne nagari ba.

A Kalifoniya ta Amurka wasan BMX, wato tsere da tsalle-tsalle a kan ƙananan kekuna, ya samo asali wajajen 1970, lokacin da yara ke kwaikwayon tseren babura a kan kekunan Schwinn Sting-Ray, waɗanda ba a ƙera su don tsalle ba, shi ya sa suka riƙa karyewa. Daga nan kamfanoni irin su Redline da Mongoose suka koma ga ƙarfe mai lamba 4130, wanda ya haɗa ƙwari da rashin nauyi. Idan ka shafa wurin waldarsa, za ka ji ɗinkin ya jeru sumul kamar na gwanin tela.

Sai dai masu arahar zamanin, na ƙarfen gama-gari, tsatsa ta cinye su tuntuni, nagartattun ne kawai suka rage muke gani. Kuma wuyan keken yanzu ya fi kauri, ya fi jure dirowa daga sama. In za ka sayi tsoho, fara duba tsagewa a waldar wuyansa.