Amsa ga Anti kan Shigar Auta Ƙungiyoyin Ɗalibai a ABU

Assalamu alaikum. Anti, ina wuni, ya gida, ya ƙafar Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Na saurari muryar da kika turo cewa Auta ta samu gurbin karanta adabin Turanci a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma kina so ki hana ta shiga kowace ƙungiya don kada a ɗauke mata hankali. Na fahimci tsoronki wallahi, amma don Allah ki sassauta, domin shi wannan kwas ɗin rabinsa a wajen aji ake koyonsa.

Kin ga, a simesta ɗaya za a jibgo mata littattafan labari, da wasan kwaikwayo, da waƙoƙi, ga lakca ɗalibai cike da zaure, malami ba zai bi kowa ya duba rubutunsa ba. To ina za ta koyi rubutun? Akwai ƙungiyar marubuta ta ɗalibai, Creative Writers' Club. Ana zama, mutum ya miƙe da takardarsa hannu na rawa, ya karanta waƙarsa ko gajeren labarinsa, sai a bi shi layi-layi. Wani ya ce wannan jimlar ta yi tsawo, wata ta ce ba mu gane dalilin da ya sa yarinyar labarin ta yi kuka ba. Ranar farko da ɗaci, amma wanda ya jure haka, amsarsa a jarrabawa daban take fita. Kuma Auta da kunya, Anti, kin san ta. Nan ne bakinta zai buɗe.

Sai ƙungiyar sashen, NASELS, wannan kusan kowa ɗan ciki ne. 'Yan aji uku da huɗu kan shirya wa sababbi darasin bita, a wurinsu ake samun tsofaffin tambayoyi da aron littattafai, kuɗi ya ragu. Ta riƙa leƙa Drama Village ma, wurin wasan kwaikwayo na jami'ar, ginin ƙasa ne tun shekarun 1970. Wasan da ta gani da idonta ba ta manta shi.

Abin da na fi so ki jaddada mata shi ne kodinetan ajinsu, wato malamin da ke kula da rajistar 'yan ajin. Tun makon farko ta san ofishinsa, kada ta kammala rajistar kwasa-kwasai sai ya duba. Yara da yawa ba don rashin ƙoƙari suke ƙara shekara ba, kwas ɗaya na dole aka manta, sai a aji huɗu abin ya fito. Wannan yana ƙona min rai ƙwarai.

Ta yi katin Laburaren Kashim Ibrahim da na asibitin makaranta tun tana lafiya. In damuwa ta yi mata yawa, akwai ofishin ba da shawara, ba abin kunya ba ne. Maganar kuɗi kuwa, akwai lamunin NELFUND, na gwamnatin tarayya don ɗalibai, da aka fara a 2024, babu ruwa a ciki, su biya makaranta kai tsaye. Ku tattauna da Baba tukuna.

Iyakar da zan yarda ki sa mata: ƙungiya biyu sun isa, ko uku da MSSN ta ɗalibai Musulmi, kuma ban da takarar muƙami a shekarar farko. Ki ce ta kira ni bayan isha'i mu duba fom ɗin rajistar tare. A gaida mutan gida.