Maigida ya ce in sauke yaron motata in wuce, ina da laifi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban babbar mota ne. Muna cikin tafiya yaron motata ya faɗo daga saman kaya, ya karye a cinya. Na kira maigidana a waya, ya ce in sauke shi in wuce domin ana jiran kaya, in kuwa na ƙi to a bakin aikina. Na kwantar da shi a gindin bishiya, na ajiye masa ruwa, ga magariba ta kawo kai, babu gari kusa. Daga baya na ji wasu matafiya sun tsince shi da rai. Wani ya ce min laifin duk na mai umarni ne. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, da zuciyarka ta yarda da maganar mutumin nan, da ba ka aiko da tambaya ba.

Hukuncin ya rataya ne a kan wurin da ka bar shi. Da asibiti ka kai shi, ko ka damƙa shi hannun mutanen da suka ɗauki nauyinsa sannan ka wuce, da babu komai a kanka. Amma mai karaya a cinya, wanda ko jan jiki ba ya iyawa, ka bar shi a daji dare na shigowa, alhali motar da za ta kai shi ga magani tana hannunka, wannan haramun ne. Ceton rai wajibi ne, babu saɓani, kuma da yake babu kowa a wurin sai kai, wajibin ya hau kanka kai kaɗai.

Masu cewa wanda aka umarta ba shi da laifi sukan fake da ra'ayin Imam Abu Hanifa, cewa idan aka tilasta wa mutum ya kashe wani, ƙisasi yana kan wanda ya tilasta. Ba su fahimci maganar ba. Tilascin da yake nufi shi ne a ɗora maka takobi a wuya, ko a yi barazanar yanke maka gaɓa. Kai kuwa murya ce a waya, daga mutumin da ke can nesa, iyakar ikonsa ya karɓe makullin mota. Sannan ko a Hanafiyya wanda aka tilasta wa bai tsira daga zunubi ba, ƙisasi kawai aka ɗauke masa. Imam Malik da Imam Ahmad ma cewa suka yi a kashe su duka biyun. Ka tuna kwamandan da ya hura wuta ya ce mutanensa su shiga. Da labari ya kai ga Annabi (SAW), sai ya ce da sun shiga da ba su fita ba, biyayya a cikin abin kirki kawai take. Wancan shugaba ne da Annabi ya naɗa da kansa, balle mai mota.

Ka gode wa Allah da yaron ya rayu. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda malamin fiƙihu Khalil ya kawo a littafinsa Mukhtasar, wanda ya iya kuɓutar da mai halaka ya ƙi, lamuni, wato biyan abin da ya halaka, yana kansa. Da ya mutu, da maganar diyya muke yi yanzu.

Ka tuba, ka nemo yaron ka roƙi gafararsa baki da baki, kada ka aika wani. Ka taimaka da kuɗin ɗori gwargwadon ikonka, ka kuma tunatar da maigidan cewa zunubinsa bai gaza naka ba, kuma a kan kayansa yaron ya karye. Idan iyayen yaron suka nemi shaida, ka faɗi abin da ya faru yadda yake, ko da zai taɓa ka. Shawarata kuma ka fara neman wani wurin aiki tun yanzu cikin natsuwa, domin wanda ya fifita kaya a kan yaron mota haka zai yi wa direba ranar da abin ya faɗo kansa.

Wallahu a'alam.