Had-dis ɗin tsohuwar laftof ya ƙi shiga kes

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Laftof ɗin marigayi mahaifina ta daina tashi, hotunansa duk suna ciki. Na ciro had-dis ɗin, na sayo kes mai USB, amma bakin ya ƙi shiga. Wata baƙar roba ce manne a ƙarshensa. Ko na lalata shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya jiƙan mahaifinki. Ba ki lalata komai ba. Wannan robar adafta ce da Dell da HP suka riƙa ɗorawa a bakin had-dis, ba dalma aka yi mata ba, cusa ta kawai aka yi. Ki kwance sukurori huɗun da suka riƙe ragar ƙarfen, ki kama adaftar ta gefe biyu da yatsu, ki ja ta miƙe a hankali. Kada ki ɓanɓare ta da sukurudireba. Idan fil-fil masu siririn allura, jeri biyu, suka bayyana, IDE ne, wato tsohon samfurin bakin had-dis, kuma kes ɗin SATA, samfurin da ya biyo bayansa, ba zai karɓe shi ba, sai ki nemi nasa. Ki lura da gurbin fil ɗaya da babu, shi ke nuna yadda ake sakawa. Idan aka juya shi, allon lantarkin had-dis ɗin na iya ƙonewa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bayan an haɗa. Windows ta fito da saƙo cewa sai an yi fomat, wato a share abin da ke ciki, mai gyara ya ce "a yi kawai, zai buɗe". Kada ki yarda, ko wa ya faɗa. Kusan kullum sai an kawo mini irin wannan. Wata baiwar Allah ta zo tana hawaye, mai shago ya yi wa nata fomat, ya loda mata finafinai a kai wai don ya gwada, ya danne hotunan aurenta. Sun ɗauka gyaran waya ne da ake filashin!

Sau da yawa ma, in had-dis ya ƙi buɗewa, wuta ce ta yi kaɗan. Wutar da USB 2.0 ke bayarwa ba ta wuce 500mA, tsohon had-dis kuwa yana buƙatar fiye da haka wajen tashi. Ki sa kebul mai kai biyu. Idan kika ji ƙas-ƙas-ƙas ba ya tsayawa, zare shi nan take. In ya buɗe, kafin ki tsaya kallon hoto ko ɗaya, ki kwashe komai zuwa wani wurin.