Tambaya da Amsa: Abincin tamowa na leda

Tambaya: A asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu an ba ɗana mai wata goma sha huɗu abincin tamowa. Zan iya dama masa shi a koko? Daga wata uwa, Rigasa, Kaduna.

Amsa: Malama, kada ki dama. Kwaɓin gyaɗa ne da madara, sukari, mai da sinadaran gina jiki, leda ɗaya giram 92. Rashin ruwa a cikinsa ne ke hana ƙwayoyin cuta hayayyafa, da zarar kin zuba ruwa kin buɗe musu ƙofa.

Wanke hannunki da nasa, ki murza ledar ta yi laushi, ki yaga gefe ɗaya ya tsotsa. Fara ba shi nono, sannan abincin, da tsaftataccen ruwan sha a kofi, domin yana sa ƙishi.

Inda aka fi samun matsala shi ne rabo. Yayyensa za su yi ta miƙo hannu don zaƙinsa, amma magani ne, kuma da nauyin yaron aka lissafa adadin ledojin. In an raba, awon damtsensa zai daɗe a kan launin ja na ma'auni, wato ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani.

In ya ƙi ci, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko amai ya yi yawa, ki mayar da shi asibiti ranar, kada ki jira ranar awo.