Tambaya da Amsa: Babban Mashin na Hannu, in Yi Sabis da Kaina ko in Kai wa Dila?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Jos nake. Na sayi Yamaha R6 ƙirar 2008, na hannu, mita na nuna 38,000. Wanda ya sayar mini ya ce in riƙa kai masa Abuja don sabis, amma kuɗin da ya yanka ya kusa albashina na wata. Ina da ɗan hannu, tun ina sakandare nake kwance ƙaramin mashin. In yi da kaina, ko in daure in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya tsare hanya, Ya sa a kashe lafiya.

Raba aikin biyu za ka yi. Na yau da kullum naka ne, na cikin inji kuma na gwani ne. Mashin mai waɗannan shekaru ba shi da sauran garanti, don haka babu abin da ya ɗaure ka da dila. Yawancin waɗanda muke kira dila ma 'yan kasuwa ne masu shigo da kaya, sun ajiye bakanike a gefe. Hannun wannan bakanike kake biya, shi ya kamata ka bincika.

Kafin komai, duba mitar nan da kyau. In daga Amurka aka shigo da shi, mai yiwuwa mil take ƙirgawa, kuma mil 38,000 ya haura kilomita 61,000. Yamaha ta ce a auna tazarar bawul na R6, wato 'yan ƙofofin shigar mai da iska da fitar hayaƙi a cikin inji, a wajen kilomita 40,000. Ka ga ko dai lokacin ya gabato, ko ya wuce tuni. In babu takardar da ta nuna an taɓa yi, ɗauka ba a yi ba.

Wannan aiki kam kada ka taɓa. Ƙaramin mashin irin na 'yan acaɓa silinda ɗaya gare shi da bawul biyu, a saita da sufana da sukudireba kafin shayi ya huce. Naka silinda huɗu ne, bawul 16, yana juyawa fiye da sau 15,000 a minti. Ba a saita shi da noti. Wasu 'yan ƙananan faifai ne masu kauri daban-daban ake musanyawa, kuma sai an ɗaga sandunan da ke danna bawul ɗin kafin a kai gare su. A mayar da sarƙar cikin inji da kuskuren haƙori, bawul na iya karo da fistin, inji ya tashi aiki. A bar shi ba a auna ba kuma, bawul ya matse, mashin ya fara gardamar tashi da sanyin safiyar Jos, daga baya ya ƙone. Shok ɗin gaba in yana yoyon mai, da famfon fetur, da wayoyin da ke kai wa kwamfutar inji, su ma na gwani ne.

To, naka fa? Juyen baƙin mai da filta, kowane kilomita 6,000 ko wata shida. Sayi 10W-40 mai ɗauke da alamar JASO MA ko MA2. Kulocin mashin a cikin mai yake wanka, man mota kuwa sau da yawa yana da sinadarin ƙara santsi da ke sa kuloci zamewa. Kasuwa cike take da jabu, ka tsaya wurin da ka amince. Notin juye kuma a cikin alminiyon yake zaune, ƙarfe mai laushi, ƙarfin ɗaurinsa 43 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti). Ka nemi sufana mai auna ƙarfin ɗauri. Yawancin zaren da nake gani ya cinye, mai ƙarfin damtse ne ya ƙara "kaɗan don kada ya zuba".

Sarƙa ita ce ke shan wuya a nan, musamman da hunturu. Ƙura ta haɗu da maiƙo ta riƙa cin haƙora. Wanke da kananzir da burushi mai laushi, ban da fetur, domin akwai 'yan zobban roba a tsakanin gaɓoɓinta da fetur ke lalatawa. Kada ka shafa mata mai inji na aiki, yatsu da dama sun tafi ta nan. Filtar iska ta takarda ce, in ta toshe a sauya.

Man birki DOT 4 ne, yana tsotsar laima, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Tsohon mai yakan tafasa in birki ya yi zafi, ka matsa ka ji hannu ya shige ba kamu. Wanda ya san gangaren Hawan Kibo a hanyar Akwanga ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sauya takalmin birki za ka iya, amma fitar da iska daga layin, karon farko ka yi a gaban wanda ya iya. Lagireto kuma ruwan sanyaya inji na gaskiya yake so, ruwan rijiya tsatsa da gishiri yake tarawa.

Dubi gefen taya, akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara biyar zuwa shida ta bushe ko da zanenta na nan raɗau. Caji ma ka auna da mitar lantarki a kan batir, in ka ɗan ba inji wuta ya nuna kamar volt 14. Ƙasa da 13 ko sama da 15, akwai matsala.

Yadda za ka gane gwani, ko a Farin Gada ta Jos yake ko a Apo ta Abuja: tambaye shi tazarar bawul nawa ce, ka ga ko zai buɗe littafin gyara ko zai ce a kunne yake ji. Ka ce ya rubuta maka awon kowane bawul kafin gyara da bayansa, ya kuma ba ka tsofaffin kayan da ya cire. Ku yi ciniki a kan bawul da fulogi da shok kawai, ka ce mai da filta ka riga ka sauya.